Motar da Ba Ta Kuka Sai a Hanyar Dawowa

A makon jiya wani malamin makaranta ya kawo mini motarsa, ya ce da zarar ya taka totur sai ta yi wani fito mai tsini, in ya ɗaga ƙafa ta yi shiru. Ban yi gaggawar buɗe akwatin kayan aiki ba. Na ce ya tayar da ita, na ɗebi ruwa a murfin gora na ɗiga a kan bel ɗin fanka. Fiton ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Bel ne ya saki. Na ɗaure shi, malam ya kama hanya. Wasu samari uku da ke zaune a inuwar dogon yaro suna jiran a yi wa abokinsu faci suka dubi juna, ɗayansu ya ce, "Shi ke nan aikin? Baba, ai ko ni sai in buɗe gareji." Na kusa da shi ya ce yanzu ma kwamfuta ake jona wa mota, ita ke faɗin ciwonta da kanta.

Saboda irinsu nake wannan bayani. Kwamfuta tana karanta abin da wayoyin inji suka gaya mata, amma ba ta jin ƙara. Ƙarar da ke zuwa lokacin da aka taka totur kuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da gidanta. Akwai wannan fiton na bel. Akwai wani tas-tas-tas mai sauri da ke yin ƙarfi da safe, ya ragu idan inji ya ɗauki zafi, wanda sau da yawa hayaƙi ne ke tsira ta wuyan salansa. Idan kun ji dum sau ɗaya da an taka, dum sau ɗaya da an saki, ku duba robobin da inji ke zaune a kansu kafin ku zargi giya. Akwai kuma wadda ke yi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman a hawan tudu da kaya: wannan mai ne ke kama wuta kafin lokacinsa, ko don man ba shi da kyau, ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya wuce gaba, ko inji ya yi zafi fiye da kima. Wadda kowane mai mota ke tsoro ita ce ta can ƙasa, mai nauyi kamar daka daga gidan maƙwabta. Wannan metal ne, wato siraran ƙarafan da kiranshaf, babbar sandar ƙasan inji, ke juyawa a cikinsu, kuma ba a gyara shi sai an sauke inji.

Kayan jin duk wannan ba su da tsada. Doguwar sukudireba ce, ka ɗora bakinta a jikin inji, ka manna kunnenka a ƙotarta. Sai guntun tiyo na ruwa, da za ka riƙa zagayawa da shi kamar likita. Kowa na iya mallakarsu. Kunnen da ke bayansu ne ba a sayarwa, kuma na san haka ne domin na yi kusan rayuwata duka ina kallon mutumin da aka ba shi.

Na koyi aiki a garejin Oga Maidamma, bayan Ƙofar Dundaye. Shekara biyun farko wanki kawai nake yi: noti, fistin, kwanon baƙin mai, duk abin da aka kwance sai ya bi ta hannuna cikin kananzir. Oga ya koya mana jera abin da aka kwance a kan buhu, daga hagu zuwa dama, yadda za a mayar da shi daga dama zuwa hagu. Na riƙe wannan har yau. Ban taɓa haɗa inji noti ya rage a ƙasa ba. Ladan ya zo bayana da shekara guda. Ɗan masu sayar da hatsi ne, siriri, ba ya son magana, kuma babu makon da ba ya ɓatar da sifana mai lamba goma. In ya ɗaure noti sai wani ya bi baya ya duba. Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata bas ce ta fara nuna mini shi. Tana yin tas-tas da an taka, Oga ya ba ni ita a matsayin aikina na farko ni kaɗai. Na ce tafet ne, wasu 'yan ƙarafa da ke ƙarƙashin murfin saman inji. Kwana biyu ina saita tafet, ina buɗe murfi ina rufewa, ƙarar tana nan. A rana ta uku direban ya tayar da ita ya taka don Oga ya ji. Ladan yana tsugune can gefe yana wanke kafireto, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ba tafet ba na. Wuyan salansa na, inda ta kama inji. Gaskit ya ƙone." Oga ya zura yatsa wurin, ya fito da shi baƙi ƙirin da toka. Ya dubi Ladan ya ce, "Wanga yaro kunne garai." Shekara uku ina gidan, ban taɓa jin Oga ya yabi kowa da suna ba.

Ladan yana da wata dabara. Kafin ya taɓa mota sai ya ce mai ita ya yi masa kukan da bakinsa. Za ka ga dattijo da babbar riga da rawani ya tsaya tsakiyar gareji yana "kir-kir-kir, ƙwas," kanikawa suna juya baya suna dariya. Ladan ba ya dariya. Sai ya ce, "Alhaji, sake. Kir ɗin ya riga ƙwas, ko tare sunka zo?" Ni ma na ɗauki dabarar. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake daga Oga na koye ta.

Da ƙarfin Oga ya ƙare, ni ya bar wa wurin da masu kawo aiki, domin ni ne babba kuma ni ne mai tsabtar hannu. Mafi girma a cikinsu shi ne Alhaji Garba, ɗan gidan mahauta, mai fataucin raguna da shanu. Motoci huɗu gare shi, kuma inda ya kai motarsa nan sauran mahautan unguwarsu ke kai tasu. Wanda ke da Alhaji Garba ba ya zaman jiran aiki. Ladan ya kafa rumfar kwano a ɗaya gefen titi, daidai inda nake iya ganinsa. Wurinsa kullum a hargitse, tayoyi a nan, tsumma a can. Amma nakan ga motoci suna tsayawa, ya fito yana goge hannu, ya karkata kai minti biyu, ya faɗi kalma ɗaya, mai mota ya riƙe baki. Sai na juya bencina ya ba titi baya.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wata shekarar ƙarancin fetur, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. Layin mai ya kai inda ido ba ya kaiwa. Alhaji Garba, da yake mai shiri ne, ya tanadi durom na mai mai kyau a gida. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai kafireto, wadda ke zuwa kasuwannin ƙauye ɗauko raguna sau ɗaya a mako. Direbanta Sani ne, ana ce masa Dogo. Wata safiya ya kawo mini ita a wanke tas, bayanta har ƙamshin sabulu yake.

"Oga Bello," in ji shi, "tahiya lahiya lau. Dawowa ta. Da mun kama tudu na taka, sai ta kama ƙarar-ƙarar-ƙarar, kamar tsakuwa cikin gwangwani. Ragunan ma shiru sukai."

Na san wannan kukan, kuma na bi shi yadda aka koya mini. Na fara da mai. Na zuƙo daga tanki na shinshina, na zuba a tafin hannu, ya bushe nan take. Mai ne mai kyau. Na tambayi Dogo inda suke shan mai, ya ce durom ɗin Alhaji, a gida. Na cire mai daga lissafina. Na ja taimin baya kaɗan, na sauya fulogi, na wanke lagireto. Muka zagaya gari, na taka ta a giya ta huɗu tana tafiya a hankali, wanda shi ne inda irin wannan ƙara ke fitowa in tana nan. Ko tari ba ta yi ba.

Bayan kasuwa ya dawo da ita, a wanke kuma. "Shina nan, Oga. Ya ma ƙaru."

Na ce ai kaya ne bambancin. Na ari buhunan gero daga wani maƙwabci, muka loda mata har ta zauna, muka fita bayan gari da tsakar rana muka nemi tudu. Na taka har ƙasa. Shiru. Dogo ya rantse da Allah, ya ce motar tana jin kunyata ne.

A hanyar dawowa ya yi gyaran murya ya ce, "Oga, da mun tsaya wurin Ladan shi ɗan saurara mana? Ba don komi ba."

Na ce, "In ka kai mai ita, kada ka maido man."

Muka dawo gareji. Ni kuma a ranar na yanke hukunci. Na ce kunnen Dogo ne bai iya rarrabewa ba, ba tsakuwa yake ji ba, metal ne ya fara tafiya, kuma ba ya nuna kansa sai inji ya yi doguwar tafiya. Na je na gaya wa Alhaji sai an sauke inji. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ban tabbata ba. Abin da na sani shi ne idan na ce ban gane ba, motar za ta ƙetara titi.

Kwana tara injin yana kan buhu. Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ina so ku tsaya a inda na tsaya a rana ta biyu, lokacin da na ciro metal ɗin na ɗaga shi a hasken rana. Sumul yake, ko ƙarzuwa babu. Na duba na biyu, na duba na uku. Duk lafiya. A saman fistin kuwa na ga wasu ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Wannan alama ce ta man da ke fashewa kafin lokaci, kuma na san haka. Amma na riga na gwada man da hannuna, don haka na ce tsufa ne. Na sa sabon metal a inda tsohon bai yi laifi ba, na haɗa injin da duk iyawata, ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Cikin kwanakin nan motar ta rasa kasuwa, abokan sana'ar Alhaji suka riga shi ragunan da ya yi niyya.

Tafiyarta ta farko bayan gyara, ta dawo da kukanta.

Alhaji Garba ya zo da kansa. Ya zauna a bencina, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Bello, tun kana wanke noti nika kawo mota gidan ga. Ban taɓa kai ta wani wuri ba. Saura kasuwa biyu Sallah. Mi za mu yi?"

Na fara bayanin cewa sabon metal yana buƙatar ya zauna.

Ya ɗaga hannu. "Ni ban san metal ba, rago na sani. In na duba rago ban gane ciwonai ba, kiran wani nikai. Tashi mu ƙetara wurin ɗan'uwanka."

Titin nan bai kai taku talatin ba. Na ƙetara shi a bayan Alhaji, mai shayi da mai faci da duk masu rumfuna suna kallo. Ladan ya taso da sauri, ya kakkaɓe kujera ya ba Alhaji, ya juyo gare ni ya ce, "Yaya Bello, sannu da aiki." Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Ya sa Dogo ya yi kukan da baki. Ya yi tambayoyin da na yi, ya sami amsoshin da na samu. Ya saurari injin, ya ce an haɗa shi da kyau, ya faɗa da ƙarfi yadda Alhaji zai ji. Sai ya zagaya baya ya leƙa inda ake zuba raguna, ya shaƙi iska.

"Wagga mota kamar ba ta taɓa ganin rago ba," in ji shi.

Dogo ya ce ai dokar Alhaji ce. Mota ba ta zuwa wurin mutane da kashin dabba. Da an sauke kaya sai a wanke ta, a cika mata tanki, sannan ta fita ko'ina. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce haka mahaifinsa ke yi da jakuna ma, ba a kai wa maƙeri dabba da ƙazanta.

Ladan ya ce, "To, Alhaji, ni ban iya faɗin kukan da ban ji ba. Ranar kasuwa ku biyo ku ɗauke ni." Ya dube ni. "Yaya, mu tahi tare?"

Na ce ina da aiki.

Aikin da nake da shi a ranar kasuwar, kafireto ɗaya ne, kuma sau biyu na kwance shi na mayar. Duk motar da ta wuce sai na waiga, ni da na ba titi baya shekara da shekaru. Na san Alhaji yana buƙatar motarsa, na san Sallah ta matso. Duk da haka abin da nake fata tun safe shi ne motar ta yi wa Ladan shiru kamar yadda ta yi mini.

Bayan la'asar suka dawo. Ladan bai bi su gidan Alhaji ba, ya sauka a bakin titi ya shigo wurina ta baya, rigarsa duk gashin rago. Ya ciro takarda biyu daga aljihu, yagaggun buhun siminti, ya shimfiɗa a kan bencina. Ɗaya a bushe take. Ɗayar tana da tabon maiƙo mai faɗin tafin hannu.

Ya yi mini bayani a hankali. Da man durom suke fita, shi ya sa tafiya ba ta da matsala. Amma ba kasuwa ɗaya suke tsayawa ba, sai sun zagaya ƙauyuka uku, kafin su juyo tanki ya kusa ƙarewa. Sai Dogo ya tsaya wurin wani mai jarka a bakin hanya ya yi ciko. Ladan ya ɗiga wannan man a takarda, ya ɗiga na gida a wata. Na gida ya tashi, na jarka ya bar tabo. An gauraya shi da kananzir, wanda a lokacin ya fi fetur sauƙin samu. Da wannan man suke hawan tudu da raguna cike da mota. Kafin su iso gari ya kusa ƙonewa, a gida kuma a cika tanki da mai kyau a wanke mota, sannan a kawo mini. Duk lokacin da na zuƙo mai na gwada, man Alhaji nake gwadawa. Dogo bai yi mini ƙarya ba. Na tambaye shi inda suke shan mai, shi kuma bai ɗauki cikon jarka a matsayin shan mai ba.

"Maganinta jarka biyu daga gida," in ji Ladan. "A ɗaure su saman kan mota. Shi ke nan." Ko bonet bai buɗe ba.

Sai ya tura takardun gabana. "Yaya, kai ka gaya ma Alhaji. Ka ce kai ka aike ni in gwada. Ai gidanmu ɗaya."

Na ce masa na gode, ban saba cin aikin wani ba. Maganar ta yi daɗin faɗa, amma ba ta ci mini komai ba, domin daga inda nake ina hango Dogo ya dawo a kan babur, ya tsaya wurin mai shayi yana ba da labarin da hannu biyu.

Kasuwa ta gaba motar ta je ta dawo ba ƙara. Alhaji ya sami ragunansa, ko da yake ba waɗanda ya so ba. Bayan Sallah da kwana uku ya aiko mini da cinyar rago, ya aika wa Ladan da cinya, sannan ya kira mu tare a zaurensa. Na tafi da shirin a sallame ni.

Ya ce, "Bello, injin da ka haɗa, Dogo ya ce bai taɓa jin shi da laushi haka ba. Hannunka ba ni da shakka a kai, kuma ba ni barin gidan Maidamma." Na fara godiya, ya ce in dakata. "Amma daga yau, duk motata da ta yi kuka, wurin Ladan za ta fara tsayawa. Shi ji, shi faɗi. Abin da ya faɗi, kai ka gyara. Kun ji ko?"

Ladan ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "Mun ji, Alhaji."

Ban rasa Alhaji Garba ba, kuma ban rasa mahauta ba, domin su ma tsarin suka bi. Aiki bai taɓa yanke mini ba tun daga ranar. Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suna kan abin da ya bari. Motocinsu sun zama na zamani, masu waya da kwamfuta, amma har yau sai su tsaya a wancan gefen minti biyu, sannan su ƙetaro, direba ya leƙo ta taga ya ce, "Oga Bello, Ladan ya ce robar inji ta, ta hagu." Ni kuwa ban taɓa kama sifana a kan maganarsa ba sai na sa an tayar da motar na saurara da kaina, na duba dama, na duba ƙasa, na nemi duk wani abin da zai iya zama ba shi ba. Sannan in kwance ta hagun.

An ce sau ɗaya Ladan ya taɓa kuskure. Ya ce bel ne, ashe famfon ruwa ne. Mai faci ne ya ba ni labari, ya ce har mai motar ya ɗaga masa murya a gaban jama'a. A makon nan ina kwance a gida da zazzaɓi. Ban gani ba.